Jan Biki: Me Ya Sa Kashi Ɗaya na Game of Thrones Ya Girgiza Masu Kallo?

A daren Lahadi, 2 ga Yuni, 2013, tashar talabijin ta HBO da ke Amurka ta haska kashi na 9 a zango na 3 na shirin Game of Thrones. Mutum miliyan 5.2 ne suka kalle shi a haskawar farko. Kafin gari ya waye, Twitter da Facebook sun cika da kururuwa. Wasu na zagin marubutan shirin, wasu na rantsuwa sun bar kallonsa har abada, wasu kuwa neman mai ba su haƙuri kawai suke yi. Cikin 'yan kwanaki aka riƙa ɗora bidiyo a YouTube na mutane zaune a falo sun dafe kai, wasu sun toshe baki, wasu na zubar da hawaye. Abin da ya jawo duk wannan shi ne 'yan mintunan ƙarshe na kashin, inda aka yi wa taurarin da jama'a ke ƙauna kisan gilla a tsakiyar walimar aure. Masu kallo sun san fitowar da sunan Red Wedding, wato Jan Biki.

Fiye da shekara goma ke nan, amma har yanzu akwai ruɗani a kan lamarin, musamman ga wanda labari kawai ya ji. Ta yaya baligi mai hankali zai yi kuka don an kashe mutumin da bai taɓa rayuwa ba? Yawan jinin ne ya tayar da hankali, ko akwai wani abu bayansa? Kuma me ya sa jama'ar da suka yafe wa shirin a 2013, har suka ƙara son sa, suka ƙi yafe masa a 2019?

Ma'anar wasu kalmomi

Game of Thrones shiri ne mai dogon zango, irin wanda ake raba labarinsa kashi-kashi, a tara kasusuwan shekara guda a kira su zango. An fara shi a Afrilun 2011, aka kammala a Mayun 2019, zango 8 da kashi 73. An ɗauko shi daga jerin littattafan marubucin Amurka George R. R. Martin, kuma David Benioff da D. B. Weiss ne suka mayar da shi talabijin.

Rukunin labarin shi ne wanda Turawa ke kira fantasi, wato almara: labarin da aka gina a wata ƙirƙirarriyar duniya mai sihiri da halittun da babu su a zahiri. A wannan shiri akwai dodanni masu fuka-fuki da ke furzar da wuta, akwai matattu masu tafiya, akwai nahiyar Westeros da gidajen sarauta ke yaƙi a kan karagarta. Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya san yadda jarumi ke ratsa abubuwan al'ajabi ya fita da nasara. Wannan tsammani na cewa jarumi zai fita lafiya yana da muhimmanci ga abin da za mu tattauna.

Akwai kuma bidiyon martani, wato a kunna kyamara a kan fuskar mai kallo a ɗauki yadda ya ji lokacin da wani abu ya faru a allo. Sai fasa ƙwai, wato wanda ya riga ya san ƙarshen labari ya faɗa wa wanda bai kai wurin ba. Ta ƙarshe ita ce shaƙuwa ta gefe ɗaya. Masana biyu, Donald Horton da Richard Wohl, ne suka fara bayaninta a 1956, bayan sun lura cewa masu sauraren rediyo da masu kallon talabijin kan ji kamar sun san mai gabatar da shiri sanin aboki, alhali shi bai ma san da zamansu ba. Daga baya masu bincike suka nuna haka abin yake har ga ƙirƙirarrun mutanen cikin wasan kwaikwayo.

Abin da ya faru a cikin kashin

Robb Stark matashi ne da mutanen arewacin Westeros suka naɗa sarki bayan an fille kan mahaifinsa, Ned Stark, bisa zalunci. Tun a zangon farko, domin rundunarsa ta samu ƙetare wata gada, ya yi wa mai gadar, tsoho Walder Frey, alkawarin zai auri ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata. Daga baya ya ga wata mai jinyar raunanan yaƙi, Talisa, ya aure ta, ya karya alkawari. Bai taɓa shan kaye a fagen fama ba, amma siyasa ta ci shi. An ƙwace garinsu na gado, Winterfell. Ya yanke wa wani babban hakiminsa, Rickard Karstark, hukuncin kisa, mayaƙan hakimin suka watse suka bar shi. Dole ta sa ya koma wurin Frey neman afuwa da sojoji.

Frey ya amince bisa sharaɗin kawun Robb, Edmure Tully, ya auri 'yarsa Roslin. Aka tarbi baƙi da gurasa da gishiri, wanda a al'adar wannan duniya alama ce cewa baƙo ya shiga amanar mai gida, ba a taɓa shi muddin yana ƙarƙashin rufin. Aka ɗaura aure, aka ci aka sha, aka raka ango da amarya ɗaki. Sai aka rufe ƙofofin zaure. Makaɗa suka sauya take, suka kama waƙar gidan Lannister, abokan gabar Robb. Mahaifiyarsa Catelyn ta ɗaga hannun rigar Roose Bolton, wani hakimin Robb da ke zaune kusa da ita, ta ga sulke a ƙarƙashi. A nan ta gane, amma lokaci ya ƙure. Aka caccaka wa Talisa wuƙa a ciki alhali tana da juna biyu, makaɗan suka ɗauko kwari da baka suka yi ruwan kibau, Bolton ya ƙarasa Robb da hannunsa, aka yanka Catelyn. A waje ana karkashe sojojinsa cikin tantuna, aka harbe kyarkecin da yake kiwo a keji. Ƙanwarsa Arya, wadda ta daɗe tana neman danginta, ta iso ƙofar gidan daidai lokacin. Da aka zo jera sunayen ma'aikata a ƙarshe, ba a sa kiɗa ko ɗaya ba.

Tushen fitowar

Masu kallo da yawa sun zaci masu shirin ne suka ƙirƙiri wannan don jawo surutu. Ba haka ba ne. Fitowar tana cikin littafi na uku na Martin, A Storm of Swords, wanda ya fito tun shekarar 2000. Marubucin ya sha faɗa cewa ita ce mafi wahalar abin da ya taɓa rubutawa, har ya tsallake babin ya gama sauran littafin kafin ya dawo kansa.

Ya kuma ambaci abubuwa biyu daga tarihin Sikotland da suka ba shi haske. Na farko Baƙar Walima ta 1440, lokacin da aka gayyaci William Douglas, shugaban gidan Douglas mai shekara 16, tare da ƙanensa, zuwa cin abinci da yaron sarki James na Biyu a fadar Edinbara. Bayan an ci, aka fitar da su aka fille musu kai. Na biyu kisan Glencoe na Fabrairun 1692, inda sojojin gwamnati ƙarƙashin Kyaftin Robert Campbell suka sauka a gidajen zuriyar MacDonald, aka ciyar da su kusan mako biyu, sannan da asuba suka far wa masu masaukinsu suka kashe kimanin mutum 30 ko fiye, wasu kuma sanyi ya kashe su a wajen gudu. Dokar Sikotland ta lokacin ta ware kisa a cikin amana a matsayin laifi mafi muni fiye da kisan kai na yau da kullum, kuma abin da ya sa ba a manta Glencoe ba ke nan, duk da an yi kashe-kashen da suka fi shi yawan rayuka a tsaunukan ƙasar.

Me ya sa abin ya yi ciwo haka

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce jini, amma ba ta gamsarwa. Shirin ya nuna zubar da jini tun kashinsa na farko. Wasu masu bincike biyu daga Jami'ar Macquarie ta Ostareliya, Reidar Lystad da Benjamin Brown, sun bi diddigin manyan mutanen shirin su 330, suka wallafa a 2018 cewa 186 daga cikinsu sun mutu kafin ƙarshen zango na 7. Mafi yawan waɗannan mace-mace ba su sa kowa kuka ba. Don haka sai a nemi dalili a wani wuri.

Dalili na farko shi ne daɗewar zama tare. Jan Biki shi ne kashi na 29. Mai kallo ya yi shekara biyu yana bin Robb da Catelyn, ya ga makokinsu, ya ga kurakuransu, ya ji Talisa na cewa in namiji ta haifa sunan mahaifin Robb za a sa masa. Zuciya ba ta tambayar ko mutum na gaske ne kafin ta shaƙu da shi. Abin da take aiki da shi shi ne fuska da murya da tsawon lokaci. Mai kallo ya san sarai wasa ne, amma sanin bai hana shi jin rashi ba. Wannan ba sabon abu ba ne kuma ba talabijin ce ta kawo shi ba. A 1893, da Arthur Conan Doyle ya kashe jarumin labaransa, mai binciken laifi Sherlock Holmes, masu karatu a Ingila sun yi ta aika wasiƙun fushi, kuma bayan shekara goma ya dawo da shi da rai.

Dalili na biyu ya fi zurfi. Tsakanin mai ba da labari da mai saurare akwai yarjejeniyar da ba a rubuta ba. Masanin sadarwa Dolf Zillmann ya bayyana cewa jin daɗin mai kallo ya rataya ne a kan ganin wanda yake so ya dace, wanda yake ƙi ya taɓe. Masanin halayyar ɗan Adam Melvin Lerner kuma ya nuna yadda mutane ke da buƙatar yarda cewa duniya na saka wa kowa daidai aikinsa. Almara ita ce rukunin da ya fi kowane cika wannan buƙata. Da aka kashe Ned a 2011, masu kallo sun girgiza, amma nan da nan suka samo wa abin gurbi: an kashe uba ne domin ɗa ya tashi ya rama. Wannan tsohon zubin labari ne da ake samu a kowace al'umma. Martin da kansa ya ce saboda ya san kowa na jiran haka ne ya ga dole Robb ma ya mutu. Ke nan a daren an kashe mutum uku da aka sani, an kuma kashe labarin da mai kallo ya riga ya tsara a ransa.

Dalili na uku shi ne wurin da abin ya faru. Mutuwa a fagen yaƙi an shirya mata. Gidan biki kuwa wuri ne da mutum ke ajiye makami ya saki jiki, kuma masu shirin sun bar mai kallo ma ya saki jiki. Sun nuna amarya kyakkyawa bayan an yi zaton akasin haka, sun sa raha, sun nuna uwa tana murmushi tana kallon ɗanta da matarsa. Ga Bahaushe, wanda ya tashi da jin cewa baƙonka annabinka, ba sai an yi dogon bayani a kan munin kashe wanda ya ci abincinka a zaurenka ba. Shirin da kansa ya ɗauki abin a haka. A kashin da ya biyo baya, ƙanen Robb, Bran, ya ba da wata tatsuniyar ƙasarsu da ke nuna cewa akwai laifukan da ake yafewa, amma ban da kashe baƙo a ƙarƙashin rufinka.

Sai gwanintar aiki. Darakta David Nutter ya bar mai kallo ya fahimci haɗarin tare da Catelyn, daƙiƙa kaɗan kafin ya afku, kuma waɗannan daƙiƙu sun fi kisan kansa tsanani. Waƙar da makaɗa suka kama an riga an koya wa masu kallo ita: an ji ta a zango na 2, kuma a kashin da ya gabaci wannan Sarauniya Cersei, 'yar gidan Lannister, ta bayyana cewa tana ba da labarin wani gida ne da Lannister suka shafe daga doron ƙasa. Wasan Michelle Fairley a matsayin Catelyn, daga roƙo zuwa ihu zuwa tsayuwar wadda rai ya riga ya fita daga jikinta, shi ne abin da mafi yawan masu sharhi suka fi ambata. Richard Madden, wanda ya fito a matsayin Robb, ya ce ya yi ta kuka a jirgi a hanyarsa ta komawa gida bayan an gama ɗauka.

Waɗanda suka sani da waɗanda ba su sani ba

Wani abin da ya bambanta wannan dare da sauran shi ne rabuwar masu kallo gida biyu. Waɗanda suka karanta littafin sun san abin da ke tafe tun shekara 13 da suka wuce, kuma da yawansu sun yi shiru, ba su fasa ƙwai ba. Maimakon haka, wasu suka ɗana wayoyinsu a kan 'yan uwa da abokai suna jiran lokacin. Daga nan bidiyon martani suka fito. Aka haɗa su wuri guda, miliyoyi suka kalla, har aka gayyaci Martin shirin dare na Conan O'Brien aka nuna masa wasu.

Su ma masu karatun ba su tsira gaba ɗaya ba. A littafi, matar Robb wata ce daban mai suna Jeyne Westerling, ba ta halarci bikin ba kuma ba a kashe ta ba. Kisan Talisa da cikinta ƙari ne na talabijin, kuma da shi aka buɗe kisan, don haka har wanda ya haddace littafin ya sha mamaki.

A kan ko sanin ƙarshen labari na rage daɗinsa, bincike bai tsaya a matsaya ɗaya ba. A 2011 Nicholas Christenfeld da Jonathan Leavitt na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun gano cewa waɗanda aka faɗa wa ƙarshen gajerun labarai sun ma fi jin daɗinsu. Wasu binciken da suka biyo baya sun samu akasin haka. Abin da Jan Biki ya nuna dai shi ne kallon farko da na biyu abubuwa ne daban. Na farko gigicewa ce. A na biyu mutum yana ganin alamun da aka shimfiɗa masa tun farko, kamar yadda Bolton ya ƙi shan giya a walimar, da yadda Frey ke kallon Talisa.

Saɓanin ra'ayi

Masu yabo sun ce a nan shirin ya nuna ya girma. A ganinsu, labarin da jarumi ba ya mutuwa labari ne da babu fargaba a cikinsa, kuma Robb bai mutu a banza ba: ya karya alkawari ga mutum mai riƙo, ya kori rabin ƙarfinsa saboda tsayawa kan ƙa'ida, ya amince da wanda bai cancanci amana ba. Sukan kawo tsohuwar maganar Aristotal cewa wasan baƙin ciki na wanke zuciya ta hanyar tausayi da tsoro. Masu ba da lambobin yabo sun karkata nan. An zaɓi rubutun kashin cikin masu takarar lambar Emmy, kuma ya ci lambar Hugo ta 2014, wadda ake bai wa ayyukan almara da ƙagaggen kimiyya.

Masu suka sun kasu kashi biyu. Akwai waɗanda suka ce sun zo neman hutu ne daga duniyar da azzalumi ke cin nasara, ba su ga dalilin da zai sa su biya kuɗi a nuna musu ita a daren Lahadi ba. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma ba rauni ba ne mutum ya ce bai iya ɗauka. Akwai kuma waɗanda suka tsaya a kan Talisa. Suka ce soke mace mai ciki a gaban kyamara bai ƙara wa labarin komai ba sai ƙyama, kuma alama ce ta wata ɗabi'a ta shirin, ta amfani da jikin mace wajen tayar da hankali. Wannan suka tana da nauyi, domin littafin ya cim ma burinsa ba tare da fitowar ba. Ƙorafin ya sake tasowa da ƙarfi a Mayun 2015, bayan fitowar fyaɗen da aka yi wa Sansa Stark, ƙanwar Robb, a daren aurenta, wadda ita ma ba haka take a littafi ba. Har wata sanatar Amurka, Claire McCaskill, ta sanar a fili cewa ta bar kallon shirin.

Akwai rukuni na uku da ke ganin duk hayaniyar wauta ce, tunda ana kashe mutanen gaske kullum a duniya ba a yi musu irin wannan kuka ba. Tambayar tana da kyau, amma ta haɗa abubuwa biyu da ba kishiyoyin juna ba ne. Labarin yaƙi a jarida kan zo da adadi, wasan kwaikwayo kuwa da fuska ɗaya da aka sani yake zuwa, kuma ɗan Adam ya fi jin fuska a kan adadi. Kukan da aka yi wa Catelyn bai rage hawayen da za a yi wa wani ba. Abin da ya fallasa shi ne yadda tausayi ke buƙatar a san mutum kafin ya motsa.

Bambancin 2013 da 2019

Duk da rantsuwar daina kallo, jama'a ba su daina ba. Kashin farko na zango na 4, a Afrilun 2014, ya samu mutum miliyan 6.6, fiye da Jan Biki, kuma a wannan shekarar HBO ta sanar cewa shirin ya zarce The Sopranos ya zama wanda aka fi kallo a tarihinta.

A ranar 12 ga Mayu, 2019, aka haska kashi na biyun ƙarshe, inda Daenerys Targaryen, wadda aka shafe shekara takwas ana nuna ta a matsayin mai 'yanta bayi, ta hau dodonta ta ƙone babban birnin Westeros da mutanen cikinsa bayan sun miƙa wuya. An so wannan mata sosai, har alƙaluman gwamnatin Amurka suka nuna an raɗa wa jarirai mata fiye da 500 laƙabinta na Khaleesi a 2018 kaɗai. Wannan karon fushin bai huce ba. Aka buɗe takardar koke a intanet ana neman a sake yin zangon gaba ɗaya da wasu marubuta, kuma ta samu sa hannu sama da miliyan ɗaya cikin kwanaki. Wasu 'yan wasan, kamar Sophie Turner, sun ce koken rashin mutunta wahalar ma'aikata ne. Kashin ƙarshe ya samu mutum miliyan 19.3 a daren da aka haska shi, amma sunan shirin bai koma yadda yake ba.

Duka fitowar biyu sun gigita mutane, duka sun taɓa wanda ake so. Bambancin yana ga abin da mai kallo ya gani da ya waiwaya. A 2013, bayan hawaye sun bushe, ya iya bin sawun abin tun daga alkawarin gada har zuwa zauren Frey, ya ga kowane mataki ya haifi na gaba. A 2019 masu kare shirin sun nuna cewa an taɓa nuna zafin zuciyar Daenerys a baya, kuma gaskiya ne. Amma daga kashe abokan gaba zuwa ƙona yara a titi akwai tazara mai nisa, kuma an ratsa ta cikin kashi biyu ko uku. Zango shida na farko kashi goma-goma ne, na 7 ya zo da bakwai, na 8 da shida. Littattafan ma sun ƙare wa masu shirin, domin na biyar ya fito a 2011 kuma labarin talabijin ya wuce shi. Hukuncin da ya fi dacewa shi ne Jan Biki ya biya kuɗin gigitar da ya yi, ƙonewar birnin kuwa bashi ta ci.

Abin da ya biyo baya

Bidiyon martani ya zama sana'a mai zaman kanta a YouTube, kuma kamfanonin talabijin sun gane cewa fuskar mai kallo a gigice talla ce ta kyauta. Sunan Jan Biki ya shiga bakin 'yan jaridar Amurka da Birtaniya, suna kiran duk wata kora ta ba-zata a siyasa ko a kamfani da shi. Haska shiri mako-mako, wanda aka zaci zamaninsa ya wuce, ya nuna amfaninsa, domin kwana bakwai da ke tsakanin kashi da kashi su ne suka ba jama'a damar yin makoki da gardama tare.

Akwai kuma illa. Wasu shirye-shirye sun ɗauki kashe babban tauraro a matsayin dabarar jawo masu kallo. Misali mafi bayyana shi ne The Walking Dead, wanda a Oktoban 2016 ya buɗe zango na 7 da kashe taurari biyu ta mummunar hanya. Mutum miliyan 17 suka kalla, amma a mako na gaba adadin ya sauka zuwa kusan miliyan 12.5, kuma shirin bai sake komawa inda yake ba. Gigita abu ne da ke dusashewa in an maimaita, kuma mai kallon da ya saba da ita kan janye zuciyarsa daga kowa a cikin labarin don kada a sake ƙona shi.

Wannan ya shafi masu shirya fina-finan Hausa kai tsaye, tunda shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina sun mayar da kallon mako-mako da muhawara a kansa al'ada a wurin masu kallonmu. Marubucin da ke shirin kashe tauraro ko juya halinsa yana da damar yin haka, amma sai ya shuka dalilin tun da wuri, ya ba shi lokaci ya nuna.

Ga mai karatun da bai taɓa ganin Game of Thrones ba kuma yake tunanin nema, ya sani cewa a Amurka an sa shi a rukunin shirye-shiryen manya zalla, waɗanda ba su dace da wanda bai kai shekara 17 ba, saboda zubar da jini da tsiraici da ke cikinsa tun daga kashin farko. Kada a kunna shi a falon da yara ke zaune.